Furotin Masu Warware Zaren RNA: Sabon Fagen Daga a Yaƙi da Sankara

A cikin watan Yuni na shekarar 2024, wani ƙaramin kamfanin binciken magunguna da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, mai suna eFFECTOR Therapeutics, ya ba da sanarwar cewa ya sallami ma'aikatansa kuma zai naɗe tabarmarsa. Labarin bai yi wani amo ba a manyan jaridun duniya, domin kuwa irin waɗannan kamfanoni kullum cikin tashi da faɗuwa suke. Amma masanan da ke binciken ciwon daji, watau sankara, sun ji abin a ransu, saboda wannan kamfani ne ya fara gwada wani magani mai suna zotatifin a jikin marasa lafiya, maganin da ya bi wata hanya dabam da wadda aka saba. Maimakon ya far wa DNA, kamar yadda da yawa daga cikin tsofaffin magungunan sankara ke yi, sai ya nufi wani furotin wanda aikinsa shi ne warware zaren RNA idan ya harɗe.

Mai karatun da ba kimiyya ya karanta ba yana iya ɗaukar wannan batu a matsayin harkar ɗakin bincike wadda ba ta shafe shi ba. To, amma alƙaluman Hukumar Binciken Sankara ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai mutane kimanin miliyan 20 ne suka kamu da sankara, mutane miliyan 9.7 kuma suka rasu ta dalilinta, an kuma yi kirdadon cewa masu kamuwa za su kai miliyan 35 a shekarar 2050. Bugu da ƙari, ɗaya daga cikin cututtukan da wannan bincike ya fi haskakawa ita ce sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka ya kamata a tsaya a dubi inda aka kwana, da abin da aka tabbatar, da kuma dalilin da ya sa har yanzu ilimin bai zama maganin da likita zai rubuta wa mara lafiya ba.

Yadda zare ke naɗe kansa

Jikin ɗan Adam ginanne ne da ƙwayoyin jiki ƙanana waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai DNA, wanda za a iya kwatanta shi da babban littafin ajiya da ba a fita da shi daga ɗakinsa. Kowane babi na littafin, wanda za mu kira babin gado, yana ɗauke da umarnin ƙera wani abu da jiki ke bukata, galibi furotin. Idan ana bukatar wani babi, sai a kwafe shi a kan RNA, a aika da kwafin zuwa ga ribosom, watau masaƙar da ke harhaɗa furotin. An gano wannan RNA ɗan aike a shekarar 1961, shekara takwas bayan James Watson da Francis Crick sun bayyana siffar DNA.

DNA zare biyu ne a murɗe da juna, kowane harafi yana da abokin zamansa. RNA kuwa zare ɗaya ne tilo, haruffansa huɗu: A da U da G da C. Harafin A yana kama U, G yana kama C, wani lokaci kuma G ya kama U. Da yake zaren ba shi da ɗan'uwan da zai jingina da shi, sai ya juyo ya kama kansa, wannan yanki ya manne da wancan, ya yi lanƙwasa da madauki, har ya fitar da wata siffa, kuma siffar ce ke yanke irin aikin da zai yi. Abin kamar rawani ne: ƙyallen ɗaya ne, amma naɗin ne ke nuna na sarki da na malami da na matafiyi mai kare fuskarsa daga ƙura.

Masana sun daɗe suna bin wannan sawu. A 1965 Robert Holley ya karanta haruffa 77 na wani ƙaramin RNA na yisti, ya nuna yadda yake naɗewa gida-gida kamar ganye mai reshe uku. A 1982 da 1983 Thomas Cech da Sidney Altman suka gano cewa RNA da ya naɗu daidai yana iya yanka da ƙulla wasu zarurruka da kansa, aikin da a da ake zaton furotin kaɗai ke iyawa, suka kuwa sami lambar Nobel a 1989. A shekarar 2000 aka fitar da cikakkiyar siffar babban ɓangaren ribosom, sai ga shi ashe zuciyar masaƙar da kanta RNA ce.

Matsalar ita ce, haruffa huɗu sun yi kaɗan a ce kowane yanki yana da wuri ɗaya tak da zai dace da shi. A cikin dogon zare, yanki guda yana iya samun wurare da dama da zai manne, mafi yawansu kuwa ba daidai ba ne. Idan kuma ya manne a inda bai dace ba, kamun yana da ƙarfi ƙwarai, har ƙullin haruffa goma kacal yana iya daɗewa bai kwance ba fiye da lokacin da ƙwayar jiki za ta iya jira. Tun a 1966 Jacques Fresco da abokan aikinsa suka lura cewa ƙaramin RNA ɗaya yana iya zama da siffa biyu, ɗaya mai aiki ɗaya marar aiki, kuma idan aka ɗumama marar aikin tare da sinadarin maganiziyam sai ya farfaɗo. A 1995 Daniel Herschlag na Jami'ar Stanford ya tattara hujjojin, ya yi bayanin cewa lalle ne ƙwayar jiki tana da wasu furotin da ke fitar da RNA daga irin wannan tarko.

'Yan rakiya

Masana suna kiran waɗannan furotin 'yan rakiyar RNA, sunan kuwa ya dace, domin kamar 'yan rakiyar amarya suke: su kai ta ɗakinta, su ga ta zauna, sa'an nan su koma gida. Ba sa zama cikin siffar da aka gama naɗawa. Zuriyar da ta fi girma a cikinsu ita ce wadda Patrick Linder na ƙasar Suwizalan da wasu masana suka raɗa wa suna DEAD a 1989, saboda dukansu suna da jerin tubala huɗu na amino asid da ake rubutawa da haruffan D-E-A-D. A jikin ɗan Adam akwai irinsu 37, ana kuma samun danginsu a cikin yisti da tsirrai da bakteriya, abin da ke nuna cewa aikin nasu tsoho ne. Yawancinsu ana yi musu laƙabi da DDX tare da lamba, alal misali DDX3X da DDX41.

Yadda suke aikin abin mamaki ne. Furotin ɗin yana da kunnuwa biyu kamar awartaki. Idan ya kama ATP, watau sinadarin da ƙwayar jiki ke sayen ƙarfi da shi, sai kunnuwan su rufe a kan gefe ɗaya na ƙullin, su tanƙware shi har ɗaya gefen ya kasa riƙewa ya saki. Daga nan ya ƙona ATP ɗin, ya buɗe baki, ya bar wurin. Gajeren ƙulli kaɗai yake iya warwarewa, kuma bai san siffar da ta dace ba, balle ya koya wa RNA. Abin da yake yi shi ne ya kwance abin da ya ga ya fito fili, ya ba zaren damar sake gwadawa. Naɗin da ya yi daidai yakan dunƙule ya ɓoye ƙullinsa, saboda haka ya tsira. Naɗin kuskure kuwa yakan bar gefe a sake, sai a yi ta kwance shi har ya dace. A shekarar 2002 ɗakin binciken Alan Lambowitz na Jami'ar Tekzas ya nuna haka a sarari da wani furotin mai suna CYT-19 na funfunar burodi.

Kusan babu matakin rayuwar RNA da ba su da hannu a ciki. Sabon kwafin da aka ɗauko daga DNA yana ɗauke da wasu yankuna da dole a yanke a zubar kafin a karanta shi, kuma furotin takwas masu warware zare ne ke juya injin yankan daga mataki zuwa mataki. Wasu kusan 20 suna aikin gina ribosom. Wasu kuma suna share hanya gaban ribosom lokacin karatu. Waɗannan wurare uku su ne sankara ke taɓawa.

Yunwar sankara

Ƙwayar sankara ƙwaya ce da ta daina jin umarnin tsayawa, tana ta rabuwa biyu ba ji ba gani. Kafin kowace rabuwa sai ta ninka duk abin da ke cikinta, wannan kuwa yana bukatar furotin mai ɗimbin yawa da sababbin ribosom dubbai a kowane minti. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 likitoci masu duba tsoka a madubi suka lura cewa wurin da ake gina ribosom yakan kumbura a cikin ƙwayar sankara. Ke nan mai irin wannan yunwa ya fi kowa dogara ga masu warware zare.

Babban misali shi ne furotin mai suna eIF4A, wanda shi ne aka fara sani a cikin zuriyar. Kafin ribosom ya soma karanta saƙo, sai ƙaramin ɓangarensa ya sauka a goshin zaren, ya yi ta zamewa har ya iske alamar farawa. Saƙonnin ayyukan yau da kullum suna da gajeren goshi marar ƙulli, ana wuce su da sauƙi. Amma saƙonnin furotin masu ingiza girma, irin su MYC da cyclin D1, da masu hana ƙwaya mutuwa irin su MCL1, goshinsu dogo ne mai harɗe-harɗe, ba a wucewa sai eIF4A ya share. Wannan wani takunkumi ne da jiki ya ɗora wa saƙonni masu haɗari. A 1990 ɗakin binciken Nahum Sonenberg na Jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa idan aka yawaita eIF4E, abokin aikin eIF4A, lafiyayyar ƙwaya tana rikiɗa ta koma ta sankara. Haka kuma wani furotin mai suna PDCD4, wanda shi ne linzamin eIF4A, yakan yi ƙaranci a cikin sankara iri-iri.

Muhimmancin wannan yana ga MYC. An ƙiyasta cewa aikinsa ya wuce kima a cikin fiye da rabin sankarar ɗan Adam, amma shekaru 40 ke nan masu harhaɗa magunguna suna fama da shi, domin ba shi da wani lungu a jikinsa da magani zai shiga ya maƙale. Sai dai yana da rauni guda: ba ya daɗewa, cikin kimanin rabin sa'a rabinsa ya lalace, dole ƙwayar sankara ta yi ta ƙera sabo. In an toshe hanyar ƙerawa, ai an kashe maciji ba tare da an tunkari kansa ba. A 2014 ƙungiyar Hans-Guido Wendel ta cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyu Yok ta nuna cewa hana eIF4A aiki yana rage MYC da wasu ire-irensa a cikin wata sankarar jini, yana kuma kashe ƙwayoyinta a jikin ɓeraye.

Magani daga itatuwan daji

Sinadaran da aka yi wannan aiki da su daga halittun daji da na teku aka samo su. A 1982 masana a tsibirin Taiwan suka tace rocaglamide daga wata itaciya ta jinsin Aglaia. A 2004 ƙungiyar Douglas Kinghorn ta fitar da silvestrol daga wata 'yar'uwarta da aka ɗebo a yankin Kalimantan na Indunusiya. An sami wani sinadarin kuma, pateamine A, a jikin soson teku na Niyu Zilan. Itatuwan Aglaia dangin maɗaci ne da darbejiya, amma ya kamata a yi hattara: a jinsin Aglaia aka san waɗannan sinadarai, kuma zumuncin itace ba hujja ba ce ta cewa jiƙon ganyen darbejiya yana maganin sankara.

A 2016 Shintaro Iwasaki da Nicholas Ingolia na Jami'ar Kalifoniya suka gano cewa rocaglamide yana manne eIF4A ne a kan zaren, a wuraren da haruffan A da G suka jeru, sai mai share hanya ya zama shi ne shingen da ke tare ribosom. A 2019 suka nuna kuma cewa itaciyar Aglaia ta sauya tubalan nata eIF4A a daidai wurin da sinadarin ke kamawa, don kada dafinta ya ci ta. A kan wannan ilimi aka ƙera zotatifin, aka soma gwada shi ga mutane a 2019. A ƙarshen 2023 kamfanin ya ba da labarin cewa a cikin mata 19 masu sankarar mama wadda ta riga ta bazu kuma ta gagari magunguna da dama, ƙarin ya ragu sosai a jikin 5 bayan an haɗa zotatifin da wasu magunguna biyu, fulvestrant da abemaciclib. Adadin kaɗan ne, ba ya isa a yanke hukunci, amma ya nuna cewa jikin mutum yana iya jure a taɓa eIF4A. Abin da ya durƙusar da kamfanin wani maganinsa ne dabam, tomivosertib, wanda ya kasa cin gwaji a kan sankarar huhu a watan Afrilu na 2024, masu zuba jari suka janye hannunsu. Watau rashin kuɗi ne ya katse aikin kamfanin a kan zotatifin kafin babban gwaji ya yanke masa hukunci.

Furotin mai fuska biyu

Da a ce duk masu warware zare bayin sankara ne, da aikin ya yi sauƙi: a nemi hanyar kashe su, shi ke nan. Labarin DDX3X ya nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A wasu nau'o'in sankarar mama da ta huhu an same shi da yawa, kuma rage shi yana rage girman ƙarin a ɗakin bincike. Amma a shekarar 2012 ƙungiyoyi uku na masana suka gano cewa babin gadonsa a lalace yake a cikin wata sankarar ƙwaƙwalwar yara mai suna medulloblastoma, har kusan rabin masu wani reshe na cutar. A 2015 kuma aka gano cewa 'yan matan da aka haifa da tawaya a wannan babi suna samun jinkirin girman ƙwaƙwalwa da na magana. Ashe furotin ɗaya yana taimakon sankara a nan, yana hana ta a can, kuma lafiyayyen jiki ba ya iya rabuwa da shi.

Inda wannan sirri ya fi warwaruwa shi ne sankarar kaluluwa ta Burkitt. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana wannan cuta da ke kumbura muƙamuƙi da cikin yara, ya kuma bi sawunta ya ga ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, Nijeriya na ciki. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani bairos a cikin ƙwayoyinta, bairos na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. A 1982 aka gano tushen cutar: wani guntu na kuromosom na 8, mai ɗauke da babin MYC, yana ɓallewa ya manne a kan kuromosom na 14 ko wani makamancinsa, inda ake karanta shi ba dare ba rana. Shi ya sa ƙarin yake iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. An kuma daɗe da sanin cewa cutar ta fi kama yara maza, ninki biyu zuwa uku.

Da aka karanta DNA na ƙarin, ciki har da na yaran Yuganda a wani babban bincike na 2019, sai aka ga babin DDX3X a lalace yake a cikin kimanin kashi 30 cikin 100, kusan dukansu kuwa maza ne. Dalili shi ne babin yana kan kuromosom X, wanda namiji ke da guda ɗaya, mace kuwa biyu. A 2021 ƙungiyar Daniel Hodson ta Jami'ar Kambirij ta Ingila ta ba da bayani mai gamsarwa. Idan MYC ya ɓalle da farko, yakan tilasta wa ƙwayar ta ƙera furotin fiye da abin da za ta iya ɗauka, har ta shaƙe ta mutu. Ƙwayar da ta yi asarar DDX3X kuwa masaƙarta tana rage gudu, sai ta tsallake wannan siraɗi. Bayan ƙarin ya kafu, yana bukatar gudun ya dawo, sai ya farkar da DDX3Y, ɗan'uwan DDX3X da ke kan kuromosom Y, wanda a lafiyayyen jiki kusan a maraina kaɗai ake ƙera furotin ɗinsa. Ma'anar wannan babba ce: idan aka sami maganin da zai kama DDX3Y ya ƙyale DDX3X, zai kashe irin wannan ƙari ya bar sauran jiki. Wahalar ita ce 'yan'uwan biyu sun yi kama da juna fiye da kashi 90 cikin 100, rarrabe su da magani kuwa sai gwani.

Gadon da ke jira har tsufa

Amfanin da ya riga ya isa asibiti ya zo ne ta wajen gano cuta. A 2015 ƙungiyar Jaroslaw Maciejewski ta asibitin Cleveland Clinic ta Amurka ta gano iyalai da ke gadon tawaya a babin DDX41, wanda ke kan kuromosom na 5 kuma yake aiki a injin yankan RNA. Mai wannan gado yana rayuwa lafiya lau shekaru da yawa da kwafi ɗaya mai kyau. Can bayan ya haura shekara 60, idan kwafin na biyu ya sami rauni a cikin wata ƙwayar ɓargo, galibi a tubali na 525, sai ɓargon ya soma kasa yin jini, daga bisani abin ya iya zama sankarar jini. Maza sun fi mata kamuwa. Yau an san cewa wannan ita ce tawayar gado da ta fi kowace yawa a cikin manya masu irin wannan cuta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware mata gurbi a jerin cututtukan jini. Wani bincike na 2023 a kan mutanen Birtaniya ya sami tawayar a jikin kimanin mutum 1 cikin 430, ko da yake yawancinsu ba su kamu da cutar ba.

Wannan sani ya canza aikin likitoci. Babban maganin cutar shi ne dashen ɓargo, kuma ɗan'uwa na jini ake fara nema ya bayar. In ɗan'uwan yana ɗauke da tawayar, an dasa wa mara lafiya irin abin da ake gudu, an kuwa sami waɗanda sankara ta sake tasowa a jikinsu daga ɓargon da aka ba su. Saboda haka manyan asibitoci yanzu suna gwada mai bayarwa tukuna. An kuma lura cewa irin tawayar da ta fi yawa a Turawa dabam take da wadda ta fi yawa a Japan da Koriya, abin da ke nuna cewa kowace al'umma tana bukatar a karanta nata gadon, ba a ari na wasu a yafa mata ba. A nan Afirka ce aka bari a baya, domin 'yan asalinta kaɗan ne ƙwarai a cikin manyan rumbunan bayanan gado na duniya.

Abin da ya rage a yi

Idan aka haɗa waɗannan labarai, abin da ya fito shi ne cewa masu warware zaren RNA wuri ne da sankara ke da rauni, amma ba wurin da za a kai wa sara ido rufe ba ne. Kowane furotin da irin cutarsa, kowace cuta da matakinta, kuma nasara tana ga wanda ya iya rarrabewa. Rarrabewar kuwa ba ta samuwa sai da bincike na haƙuri. Tsakanin gano rocaglamide da gwajin zotatifin shekara 37 ne, kuma yawancin waɗanda suka share hanyar yisti da funfuna suke bincike, ba sankara ba. Lambobin Nobel na likitanci na 2023 da 2024, waɗanda duka aka bayar a kan RNA, su ma daga irin wannan aiki suka fito, wanda a farkonsa ba wanda ya ga ribarsa.

Ga ma'aikatan hukuma masu tsara kasafin ilimi da lafiya, akwai abin dubawa a nan. Kasuwa ba za ta yi gaggawar ƙera maganin DDX3Y ba, domin yawancin yaran da ke bukatarsa iyayensu ba masu hali ba ne. Afirka kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ƙwayoyin Burkitt da aka raya a Ibadan a 1963 har yau ana aiki da su a ɗakunan bincike na duniya, kuma Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar Lasker a 1972 saboda nuna cewa magani yana warkar da cutar. Abin da ake bukata shi ne kada gudummawar ta tsaya ga ba da jini da tsoka ga baƙi. Sassan nazarin sinadaran halitta na jami'o'i suna bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da na'urorin sanyi, da kuɗin bincike na shekaru masu yawa. Asibitocin koyarwa suna bukatar rajistar masu sankara da ma'ajiyar tsoka da ƙwararrun masu duba ta. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da cibiyoyin waje kuma ta ƙunshi horar da ɗalibai da rabon amfani. Gwamnatin jihar Sarawak ta Malesiya, wadda ta riƙe takardar mallakar silvestrol da ke cikin itatuwan dajinta, ta nuna cewa haka yana yiwuwa.

Kafin sabon magani ya iso kuwa, akwai wanda ke hannu. Sankarar Burkitt tana jin tsofaffin magunguna irin su cyclophosphamide da methotrexate da vincristine, kuma a ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta da yawa yaran da ke tsira daga sankara ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, shi ya sa a 2018 ta kafa shirin kai adadin zuwa kashi 60 nan da shekarar 2030, ta kuma sa Burkitt cikin cututtuka shida da za a fara da su. Abin da ke kashe yaran shi ne zuwa asibiti a makare, da ƙarewar magani a tsakiyar jinya, da iyayen da kuɗi ya yanke musu suka koma gida. Lalle ne hukumomin lafiya su sanar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da malaman makaranta cewa duk yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki, ko haƙoransa suka soma girgiɗi ba dalili, a tura shi babban asibiti a cikin makon nan, a kuma ɗauke wa iyayensa nauyin maganin har a gama.